Sayen Mota ta Hannu: Inda Algus Yake Ɓuya da Yadda Mai Saye Zai Tsare Kuɗinsa

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Najeriya da Nijar ba sababbi aka sayo su ba. Wasu sun shafe shekaru suna aiki a Amurka ko Kanada ko Turai kafin a loda su a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, wasu kuma sun bi hannun mutum biyu ko uku a nan gida kafin su sake komawa kasuwa. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Tun da darajar naira ta karye bayan watan Yunin 2023, kuɗin shigo da mota ya ninka, har ma'aikacin da a da yake burin Beljiyam ya koma neman wadda ta bi hannu a nan gida. Idan kuɗi ya yi wuya kuma kaya suka yi tsada, mai neman araha yakan yi yawa, kuma a nan ne mai algus yake samun kasuwa.

Tushen matsalar shi ne mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba. Shi ya san ko motar ta taɓa kifewa, ko ruwa ya taɓa shanye ta, ko an biya mata kuɗin kwastam cikakke, alhali mai saye fenti yake gani da ƙyallin taya da ƙamshin turaren da aka fesa a ciki. Wannan ba ya nufin duk mai sayar da mota macuci ne. Akwai dillalai masu tsoron Allah waɗanda za su ce maka, “Alhaji, wannan giyarta tana da matsala, in za ka iya da ita ga farashinta,” kuma irinsu ne suke riƙe da abokan ciniki shekara da shekaru. Sai dai mai saye ba shi da hanyar da zai bambance na kirki da na banza ta hanyar kallon fuska ko jin rantsuwa, saboda haka dole ya dogara da abubuwan da za a iya tabbatarwa ba tare da bakin mai sayarwa ba.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne yadda mutane suke jera binciken. Mai saye yakan fara da inji, ya ɗauko bakanike, a tayar da mota, a saurari ƙararta, a zaga unguwa, sannan bayan an biya kuɗi a ce, “Ina takardu?” Alhali lalacewar inji wani ɓangare na kuɗinka za ta ci, domin ana sayen wani injin a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo a ɗora. Lalacewar takarda kuwa motar gaba ɗaya take ɗaukewa, wani lokaci ta haɗa da mutuncin mai ita. Don haka lamba da takarda su ne farko, jikin mota ya biyo baya, sannan inji, kuɗi kuma shi ne na ƙarshen fita.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata a fahimci yadda cinikin kansa yake tafiya. Sau da yawa wanda ya nuna maka mota ba shi ne mai ita ba, kuma wanda ya kira a waya a gabanka yana cewa “ranka ya daɗe, ga mai saye ya zo” shi ma wani dillalin ne. Mota ɗaya takan bi ta bakin mutum uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa a kan abin da mai ita ya sallama, bayan la'adar da za a nema a hannun mai saye a ƙarshe. La'ada hakkin dillali ce, domin ya yi yawo ya ɓata lokacinsa, kuma babu laifi a biya shi abin da aka yi yarjejeniya a kai tun farko. Abin da ke da haɗari shi ne doguwar sarƙar da take ɓoye ainihin mai motar, domin ranar da matsala ta taso kowa zai ce shi ma kawo masa aka yi. Dillalin da ya ƙi haɗa ka da mai mota ido da ido a lokacin biyan kuɗi, ko da bayan ka tabbatar masa cewa la'adarsa tana nan, yana da abin da yake ɓoyewa.

Makaminsu na biyu shi ne gaggawa. Kana cikin duba mota sai waya ta yi ƙara, a ce wani daga Abuja ya riga ya taya kuma yana hanya, ko wani mutum ya bayyana ya zaga motar ya faɗi farashin da ya fi naka, alhali ba saye ya zo yi ba, an ajiye shi ne don ya zuga ka. Wannan dabara tsohuwa ce, malaman fiƙihu suna kiranta najashi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ta, kamar yadda ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Maganinta shi ne mai saye ya shiga kasuwa da niyyar cewa zai iya komawa gida hannu rabbana, domin irin motar da yake so ba ita kaɗai aka ƙera ba. Sai kuma kunya, wadda ta fi cutar da mutanenmu fiye da gaggawa: idan ɗan'uwa ko aboki ko mutumin masallaci ne ya kawo motar, sai a ji nauyin neman takarda ko kiran bakanike, a ce ai ba zai cuce ni ba. Wataƙila ba zai cuce ka ba, amma shi ma ana iya cutarsa, kuma zumuncin da ake gudun ɓatawa da tambaya ya fi saurin lalacewa idan aka kama motar bayan wata uku.

Kowace mota tana da lambar shasi, wadda ake kira VIN, kuma ita ce asalinta. Tun daga 1981 motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a ciki don kada su rikice da 1 da 0. Ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, sannan an buga ta a ƙarfen motar, a wasu a cikin bonet, a wasu a ƙarƙashin kujera ko a jikin shasi. Aikin farko shi ne a karanta ta harafi bayan harafi a duk waɗannan wurare, a gwada da wadda ke kan takardar kwastam da sauran takardu. Bambancin harafi ɗaya ya isa a dakatar da ciniki. A kuma shafa wurin da aka buga ta da hannu: idan akwai alamar walda a kewaye, ko ƙarfen ya yi laushi kamar an goge shi, ko fentin wurin ya fi na kusa da shi sabunta, to akwai yiwuwar an yanko lambar wata motar an dasa.

Lambar tana kuma faɗin abubuwan da mai sayarwa zai so ya ɓoye. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J na Japan ne, W na Jamus, K na Koriya ta Kudu, 2 na Kanada, 1 da 4 da 5 kuma na Amurka. A motocin kasuwar Amurka da Kanada, harafi na goma shi ne shekarar samfurin. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne, 1 zuwa 9, sannan A ita ce 2010, B 2011, C 2012, haka har F ta zama 2015, L kuma 2020. Amfanin sanin wannan a bayyane yake ga duk wanda ya san yadda ake sauya wa mota fuska a garejojin Legas da Abuja da Kano. Ana ɗaukar Lexus RX 350 ta 2010 a canja mata bamba da fitilu da ragar gaba ta koma kamar ta 2015, haka ake yi wa Prado da Land Cruiser da Camry. Idan mai mota ya yi wa tasa haka don sha'awa, kuma ya faɗa lokacin sayarwa, babu wanda aka zalunta. Zaluncin yana zuwa ne idan aka karɓi kuɗin 2015 a kan ƙarfen 2010. Jikin bel ɗin kujera ma yakan ɗauki shekarar da aka yi shi a wata 'yar takarda da ke ɗinke a ƙasansa, kuma masu sauya fuska ba kasafai suke tunawa da ita ba.

Da wannan lamba ce ake bin tarihin motar da ta fito daga Amurka ko Kanada. Kaso mai yawa na waɗannan motoci daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, a dandali irin su Copart da IAA, inda ake sayar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci su har inshora ta ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Irin wannan mota takardar mallakarta a can takan ɗauki tambarin cewa ta lalace. Kamfanoni kamar Carfax da AutoCheck suna sayar da rahoton da ke nuna haɗurran da aka rubuta, da adadin waɗanda suka mallake ta, da tafiyar da ta yi a lokuta daban-daban. Sau da yawa ma rubuta lambar kawai a manhajar bincike ta intanet yakan fito da hotunan motar a filin gwanjo, gabanta a murƙushe, jakunkunan iska a fashe. Mai saye ya nemo rahoton da kansa, kada ya karɓi wanda aka buga masa a takarda, domin gyara irin wannan takarda a kwamfuta ba shi da wuya. Ya kuma sani cewa rahoton abin da aka kai wa hukuma ko inshora kawai yake nunawa, kuma daga ranar da motar ta bar can babu abin da yake ƙara rubutawa.

Ba kowace motar haɗari ce abar gudu ba. Wadda aka buga wa ƙofa ko bamba, aka gyara da kyau, aka faɗi gaskiya aka rage farashi, tana iya yi wa mutum aiki shekaru. Wadda shasinta ya lanƙwashe aka ja shi da sarƙa, ko aka yanke rabin wata aka haɗa da rabin wata, ita ce ba ta da tabbas a kan babbar hanya. Ana gane aikin gyaran jiki ta hanyar duba tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet da but, ko ta yi daidai a ɓangarorin biyu, da duba kusoshin da ke riƙe da su ko akwai alamar sifana ta taɓa su. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana kama ƙarfe, amma yana sakin wurin da aka cika da fila mai kauri. A duba mota da rana tsaka kuma a bushe, domin dare da jiƙar wanki suna ɓoye bambancin fenti.

Motar ambaliya ta fi ta haɗari wuyar ganewa, kuma a ra'ayina ta fi ta sharri. Bayan guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey da ta mamaye birnin Houston a 2017, dubban ɗaruruwan motoci ne ruwa ya shanye, kuma wani ɓangare nasu ya bi ta gwanjo ya fita ƙasashen waje. A gida ma akwai irinsu, bayan ambaliyar 2022 da wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumbar 2024. Irin wannan mota takan tashi lafiya ranar ciniki, sai bayan watanni tsatsa ta fara cin mahaɗan wayoyi, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi ta mutu a tsakiyar titi, mai gyaran waya ya yi ta canje-canje ba a gano bakin zaren ba. Mai bincike ya durƙusa ya ɗaga kafet ta ƙarƙashin ƙafar direba, ya tura hannu ya ji ko soson da ke ƙasa yana da danshi ko busasshen taɓo. Ya haska tocila a kan ƙarafan da kujera take zamewa a kai da sifirin da ke ƙarƙashinta, wuraren da ruwan sama ba ya kaiwa, ya ga ko sun yi tsatsa. Ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, domin can ciki ne layin ruwa yake barin tabo. Ya cire safaya ya duba ramin da take zama. Sannan ya rufe ƙofofi ya zauna minti biyu a ciki ba tare da kunna esi ba, ya saurari hancinsa. Turaren da ya yi yawa a motar sayarwa shi kansa abin tambaya ne.

Batun kwastam shi ne inda mutanen arewa suka fi shan wahala, saboda kusancinmu da iyaka da kuma tsohuwar hanyar Kwatano. Shekaru da dama motoci suna sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano, wasu su shigo ta Seme da Idiroko, wasu su haura Nijar ta Gaya su sauko ta wajen Maraɗi da Birnin Ƙonni. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashoshin ruwa irin su Apapa da Tin Can. Hanin bai kashe fasa-ƙwauri ba, ya dai ƙara wa takardun bogi kasuwa. Algus a nan iri biyu ne. Akwai motar da ba a biya mata ko sisi ba, aka buga mata takarda a shago. Akwai kuma wadda takardarta ta gaske ce amma an rage kuɗin, ta hanyar rubuta shekarar da ta gaza ta gaskiya ko wani samfuri mai araha, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa hukumar kwastam ta koma ƙiyasta haraji da lambar shasi a 2022. A watan Satumbar 2019 jami'an kwastam sun rufe wuraren sayar da motoci da dama a faɗin ƙasar a kan wannan batu. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne jami'in da ya tare shi a hanyar Kaduna ko Lokoja ba zai nemi wanda ya shigo da motar ba, wanda ya samu a cikinta shi zai riƙe, kuma samun lambar gwamnati a jikin mota ba ya wanke ta daga bashin kwastam.

Hanyar kariya ita ce a karɓi kwafin takardar shigo da kaya kafin a biya komai, a ɗauki lambar da ke kanta wadda take farawa da harafin C, da shekarar biya, da sunan tashar da motar ta shigo, a je ofishin kwastam da ƙafa a nemi a tabbatar. A duba cewa lambar shasi da samfuri da shekarar da ke cikin na'urarsu sun dace da motar da ke tsaye. Kada a wakilta dillalin da ke sayarwa ya yi wannan aiki, kuma kada a yarda da hoton allon kwamfuta da aka turo ta WhatsApp. Mai sayarwa na gaskiya ba ya jin haushin wannan bincike, sau da yawa ma shi zai ce a je tare.

Motar sata kuwa hukuncinta ya fi tsanani. Ƙa'idar shari'a ita ce wanda bai mallaki abu ba ba zai iya mallaka wa wani shi ba, don haka ko nawa ka biya, ranar da mai ita ya bayyana da hujja za a karɓe ta, sannan a tambaye ka yadda aka yi kayan sata ya zo hannunka. Wannan bai tsaya ga motocin da aka sace a cikin gida ba. A watan Satumbar 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka kawo Najeriya, kuma irin waɗannan galibi manyan motoci ne masu tsada da ake sayar wa masu hali. Ga motar da ta riga ta yi rajista a gida, a nemi takardar shaidar mallaka, da lasisin mota, da takardar ba da lamba, da rasidin sayen farko, da takardar kwastam ta asali, a ga cewa sunan da ke kansu shi ne na mutumin da ke karɓar kuɗi, a gwada da katin shaidarsa. Idan ya ce shi ma saya ya yi bai canja suna ba, ya kawo yarjejeniyar da ta haɗa shi da mai sunan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana da rumbun da ake duba lambar mota a ga irin motar da aka yi wa rajista da ita, rundunar 'yan sanda kuma tana da nata rajistar motoci inda ake shigar da waɗanda aka sace. Motar marigayi tana buƙatar yardar magada a rubuce, motar kamfani tana buƙatar takardar kamfanin, motar da aka saya da bashin banki ko aka jinginar kuma ba ta zama ta mai sayarwa ba tukuna. Duk wanda ya ce takardu sun ɓace ko suna wajen wani yayansa da ya yi tafiya, a jira har ya dawo.

Sai an gama da waɗannan ne bakanike zai shigo, kuma ya zama naka ne, wanda kai ka biya shi kuɗin aikinsa ko an saya ko ba a saya ba. Bakaniken da dillali ya kawo, ko wanda ya keɓe da dillali kafin ya ba ka amsa, yana iya zama mai kaso a cinikin. A nemi a ga motar da safe kafin a tayar da ita, domin inji mai sanyi ne yake fallasa ƙara da hayaƙi; idan ka zo ka tarar bonet da zafi, ka dawo gobe. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nuna inji yana shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa kuma yana nuna ruwa yana shiga inda bai kamata ba, haka ma idan murfin baƙin mai ya yi kumfa mai launin madara ko lagireto yana tafasa da wuri. Baƙin mai da ya yi kauri fiye da kima wani lokaci an zuba shi ne don ya danne ƙarar inji. A tuƙa motar tafiya mai ɗan nisa, a hau babban titi har giya ta shiga duka, a bi hanya mai gargada, a taka birki da ƙarfi, a sassauta riƙon sitiyari a ga ko tana janyewa gefe.

Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da wurin da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, kuma kuɗin wannan bincike kaɗan ne idan aka gwada da abin da yake tonawa. Wasu masu sayarwa sukan goge bayanan matsala daf da zuwan mai saye, amma na'urar tana nuna cewa an goge kwanan nan, kuma mai aikin da ya ƙware zai faɗa maka. Wasu kuma sukan cire ƙwan fitilar gargaɗi ko su rufe ta. Gwajin wannan mai sauƙi ne: idan aka murɗa makulli ba a tayar da inji ba, fitilar inji da ta jakar iska da ta birki dole su kama duka, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko an taɓa ta. A leƙa ƙarƙashin mota a duba tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikai suke kira indomi. Ana sace abin da ke cikinta saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, a mayar da fanko, kuma alamar sabuwar walda a wurin takan tona asiri. A kuma lura da motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma juyin da aka yi a gareji yana taɓa sitiyari da birki da wayoyi a lokaci guda.

Mitar tafiya ita ce abin da na fi ba mutane shawarar kada su gina farashi a kai, domin mayar da ita baya aikin 'yan mintuna ne ga mai na'ura. Ƙiyasin da aka saba amfani da shi a Amurka shi ne mota tana cin kusan mil 12,000 a shekara, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka motar shekara goma da ke nuna mil 40,000 tana buƙatar hujja daga rahoton tarihinta. Robar totur da ta birki, da fatar sitiyari, da gefen kujerar direba sun fi mita faɗin gaskiya. Tayoyi ma suna da ranar haihuwa: alƙaluma huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefensu suna nuna mako da shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Akwai kuma damfarar da babu mota a cikinta kwata-kwata. A Facebook da WhatsApp ana yawan ganin shafuka masu hoton mutum cikin kakin kwastam, ana tallar gwanjon motoci a kashi ɗaya cikin uku na farashin kasuwa, a ce ka tura kuɗin fom, sannan kuɗin fito, sannan kuɗin man direban da zai kawo maka ita. Hukumar kwastam ta sha nanata cewa ba ta gwanjo ta hannun ɗaiɗaikun jami'ai ko shafukan sada zumunta. Tana da dandalinta na intanet da ta buɗe a 2017, kuma ba a biyan kuɗin gwamnati a asusun wani mutum. Haka nan masu ɗora hoton motar wani su ce suna Legas ko Fatakwal, a turo kafin alƙalami don su riƙe maka ita. Ƙa'idar a nan ɗaya ce: ba a tura ko naira ɗaya a kan motar da kai ko wakilinka amintacce bai taɓa ta da hannu ya karanta lambarta ba. Wanda zai ba da kuɗi a yi masa odar mota daga waje kuma ya nemi lambar shasi tun ranar da aka ci gwanjo, da takardar lodin jirgi mai ɗauke da wannan lamba, ya kuma biya kashi-kashi gwargwadon inda aiki ya kai.

Idan ciniki ya faɗa, a rubuta. Alƙur'ani a aya ta 282 ta Suratul Baƙara ya yi umarni da kafa shaidu idan an yi ciniki, kuma babu wanda ya isa ya ce neman rubutu rashin yarda ne. Yarjejeniyar ta ƙunshi cikakken sunan mai sayarwa da adireshinsa da kwafin katin shaidarsa, da lambar shasi da ta inji da samfuri da shekara, da farashi, da bayanin cewa an biya kwastam cikakke kuma babu bashi ko rigima a kan motar, da sharaɗin cewa zai mayar da kuɗi idan aka samu saɓanin haka. Duk abin da ya faɗa da baki wanda ya sa ka saya, kamar cewa ba ta taɓa haɗari ba ko ba a taɓa buɗe injinta ba, a sa shi a takardar; idan ya ƙi, ka san matsayin maganar. Shaidu biyu su sa hannu, dillali ma ya sa. A biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniyar, a rubuta dalilin biyan, a karɓi makullai duka da takardun asali a zama ɗaya. Mai sayarwa shi ma ya kiyaye kansa daga alat na bogi, kada ya saki mota sai ya ga kuɗin a cikin asusunsa.

Bayan saye, a gaggauta canjin mallaka a ofishin rajistar motoci na jiha, domin muddin sunan tsohon mai ita ne a kai, rigimarsa tana iya biyo motar, laifin da aka yi da ita kuma yana iya komawa kansa. Inshorar dole ta ƙananan motoci ta koma naira 15,000 tun daga Janairun 2023, kuma ana iya duba sahihancinta a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, saboda ta bogi ta yi yawa a bakin ofisoshin lasisi. Wanda kuma ya gano an cuce shi bayan ya biya, kada ya kai motar a buɗe ta ko a gyara kafin ya ɗauki hotuna ya samu rahoton bakanike a rubuce, ya adana saƙonnin waya da shaidar biyan banki. A fiƙihun Malikiyya mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, kuma shugabannin ƙungiyar dillalai na wurin sukan tilasta wa ɗansu ya karɓi mota ya mayar da kuɗi idan hujja ta fito fili. Idan sulhu ya gagara, batun takardun bogi da motar sata da karɓar kuɗi a kan motar da babu ita na 'yan sanda ne da EFCC, batun ɓoye aibi kuma ana kai shi hukumar kare hakkin masu saye ta tarayya ko kotu, inda abin da za a fara tambaya shi ne yarjejeniyar da aka rubuta da shaidun da suka sa hannu.